Daga Jeren Amarya Zuwa Allon Zane: Kundin Neman Makarantar Tsara Cikin Gini

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta abin da na yi da abin da na kashe da kuma abin da ya gagara a neman makarantar da zan koyi tsara cikin gini, har Allah ya sa in riƙe takardar shaida a hannuna. Shekara huɗu ke nan ina yi wa amare jere a nan Kano, tun daga kafa gado da sif da madubi har zuwa rataya labule da jera kayan kicin, kuma alhamdu lillahi ana kirana daga wannan unguwa zuwa waccan. Abin da ya tayar mini da wannan niyya ya faru ne a watan jiya, ranar da wani magidanci da na taɓa yi wa ƙanwarsa jere ya kira ni gidan da yake ginawa, ya shimfiɗa taswirar ginin a kan bulo, ya ce in nuna masa inda za a sa soket da fitilu da inda kabad ɗin kicin zai zauna kafin a yi filasta. Na daɗe ina kallon takardar ban bambance alamar ƙofa da ta taga ba, balle in san cewa lambobin da ke gefe milimita ne. Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu, ya ce babu komai, amma bai sake kirana ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Tun ranar na gane cewa aikina yana farawa ne bayan birkila da mai wayarin da mai fenti sun gama sun tafi, lokacin da abin da ya rage kawai shi ne a ɓoye kuskurensu da labule. Aikin da nake so in koya kuwa yana farawa tun gini yana kan takarda, inda ake yanke shawarar ta ina iska za ta shiga, ina haske zai faɗi, da kuma ko mutum zai iya wucewa tsakanin gado da bango ba tare da ya karkace ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Na yi wa Baba bayani bayan sallar isha'i. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni abu biyu: shekara nawa karatun zai ɗauka, kuma wace hukuma ce ta san da takardar da za a ba ni. Ban amsa ko ɗaya yadda ya kamata ba. Ya ce, "To je ki nemo amsarsu, idan kin samo sai mu yi maganar kuɗi." Umma ba ta ce komai ba a lokacin, sai da safe ta ce damuwarta ɗaya ita ce kada a kai ni garin da ba mu da kowa.

Na ciro takarduna na sakandare na duba. Ina da kiredit a Turanci da Lissafi da Kemistiri da Labarin Ƙasa a zama na farko, Fiziks kuma na gyara shi daga baya a jarrabawar masu zaman kansu. Ƙa'idar da aka saba gani ga masu neman zanen gine-gine ita ce kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Fiziks, a zaman da bai wuce biyu ba, saboda haka ta wannan gefen hankalina ya kwanta.

Asabar, 25 ga Janairu

Mako guda na yi ina bin shafukan makarantu da kundin darussa na JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne a makarantun da ke kusa da mu ba a cika samun tsara cikin gini da sunansa a matsayin fanni mai zaman kansa ba, yawanci ta ƙofar zanen gine-gine ake shigarsa. A Disambar 2022 hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar da sabon tsarin manhaja wanda ya mai da zanen gine-gine babban reshe mai rassa, kuma cikin rassan akwai tsara cikin gini da zanen kayan ɗaki da tsara farfajiya. Sai dai kasancewar fanni a cikin manhajar ƙasa daban, jami'a ta buɗe shi ta ɗauki ɗalibai daban, don haka dole mai nema ya duba abin da kowace makaranta take bayarwa a shekarar da zai shiga.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ita ce ta fi jan hankalina, domin sashenta na zanen gine-gine shi ne mafi daɗewa a Najeriya, ya girmi jami'ar kanta da aka kafa a 1962, tun yana ƙarƙashin tsohuwar kwalejin fasaha da kimiyya. Akwai kuma sashen zanen masana'antu, inda ake koyar da zanen yadi da aikin tangaran, waɗanda duk suna da alaƙa da abin da ke cikin ɗaki. A nan gida Jami'ar Bayero tana da sashen zanen gine-gine, haka ma jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. Digiri na farko shekara huɗu ne a yawancin jami'o'i, wanda kuma yake son ya zama cikakken mai zanen gine-gine sai ya ƙara shekara biyu na digiri na biyu, ya yi aiki a ƙarƙashin wani, ya ci jarrabawar ƙwararru.

Ɗaya hanyar ita ce ta kwalejojin kimiyya da fasaha, wato foli, waɗanda hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna take kula da su. A can ana yin ƙaramar difiloma shekara biyu a fasahar zanen gine-gine, a fita aikin koyo na shekara guda, sannan a dawo babbar difiloma shekara biyu. Na kai wa Baba wannan bayani a rubuce, ya karanta ya ce yanzu na fara magana.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Wata ƙawata ta turo mini tallan wata cibiya da ta gani a Instagram, wadda ke cewa cikin wata uku za ta mai da mutum ƙwararren mai tsara cikin gini, har da takardar shaida da bikin yaye ɗalibai. Kuɗin karatun naira 350,000 ne, amma an ce wanda ya ba da kafin alƙalami na naira 50,000 kafin ƙarshen mako za a rage masa. Na je na ga wurin, falo ne mai kyau da kujeru masu laushi da fitilu masu launi. Na biya 50,000 daga kuɗin jeren da na yi a Disamba, ban shawarci kowa ba.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Wannan shi ne kuskurena na farko mai tsada, kuma zan rubuta shi dalla-dalla don kada in manta yadda aka yi. Da na nuna wa Yaya rasidin, sai ya maimaita tambayar Baba ta biyu: wace hukuma ce ta san da takardar. Ranar Laraba na koma cibiyar na nemi a nuna mini jadawalin darussa. Aka miƙo mini takarda guda mai ɗauke da haɗa launi, zaɓen labule, jera matasan kujera, ɗaukar hoto da tallata kai a intanet. Babu awo, babu zane a kan sikeli, babu karanta taswira, babu lissafin kayan aiki, wato babu ko ɗaya daga cikin abubuwan da suka sa na rasa aikin wancan magidanci. Na tambayi ko NBTE ta amince da cibiyar, matar da ke kan tebur ta ce takardarsu "ta ƙasa da ƙasa" ce. Na ce ina so in ga sunan hukumar da ta tantance su, ta ce manaja ba ya nan. Abin da ke rataye a bango takardar rajistar kasuwanci ce kawai, kuma Yaya ya bayyana mini cewa ita tana nuna an yi wa sunan kasuwanci rajista ne, ba ta nuna an duba abin da ake koyarwa ba.

Sau uku na koma kafin a dawo mini da naira 25,000, aka ce ragowar kuɗin fom ne da ba a mayarwa. Ban ce abin da suke koyarwa ba shi da amfani ba, domin wadda ba ta taɓa jere ba za ta ƙaru da shi. Amma ni na riga na iya wannan, kuma da na zauna da na biya kuɗi masu yawa a kan abin da nake yi tun shekara huɗu. Asara: 25,000 da kuɗin adaidaita na zirga-zirga kusan 4,000.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na yi rajistar JAMB. Na tura lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN zuwa 55019 na karɓi lambar sirri, na biya naira 7,200 ba tare da jarrabawar gwaji ba. Darussa: Turanci, Lissafi, Fiziks, Labarin Ƙasa. Bayan doguwar magana da Umma na sa Jami'ar Bayero a zaɓi na farko, saboda zan iya zuwa daga gida.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kawu, wanda kafinta ne tun kafin a haife ni, ya kai ni wurin wata Hajiya mai zanen gine-gine da yake yi wa aikin ƙofofi. Ta karɓe mu a ofishinta, ta duba hotunan jeren da ke wayata a tsanake, sannan ta ce, "'Yata, idonki ya san kyau, saura hannunki ya san awo." Ta amince in riƙa zuwa Litinin da Laraba ina kallo ina taimakawa, ba albashi, ba kuma kuɗin koyo. Na ce, "Ranki ya daɗe, na gode, Allah ya saka da alheri." Ta rubuta mini abin da zan saya: tef ɗin awo mai mita 5, rula mai sikeli, fensira masu tauri daban-daban, da takardar zane. Duka sun tashi naira 11,500.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar Asabar. Karatun Fiziks bayan asuba, ofis daga tara zuwa ɗaya. Yau na koyi alamomin taswira: ƙofa layi ne da baka mai nuna inda take buɗewa, taga kuma layuka ne siriri a cikin kaurin bango.

Asabar, 15 ga Maris

Aikin gida na farko da Hajiya ta ba ni shi ne in auna ɗakin Umma in zana shi a kan sikelin 1:50, wanda ke nufin kowace santimita 2 a takarda tana tsaye a madadin mita guda a ƙasa. Ɗakin da na girma a cikinsa, na share shi ba adadi, amma sai yau na san faɗinsa mita 3.6 ne, tsawonsa 4.2. Na zana gadon da sif da kujerar sallah da akwatunan da ke lungu, kowanne da girmansa. Da Hajiya ta duba sai ta ɗora yatsa a kan sif ɗin ta ce in faɗa mata abin da ke bayansa. Na ce taga ce. Ta ce, "Shi ya sa ɗakin yake zafi." Tagogi biyu ne a bango biyu masu fuskantar juna, kuma magini ya yi su haka ne don iska ta shiga ta ɗaya ta fita ta ɗaya, mu kuma muka toshe guda da katako shekara da shekaru saboda nan ne sif ya fi kyan gani daga bakin ƙofa. Ni kaina na sha yin haka a ɗakunan amare, domin abin da dangi za su fara gani idan sun leƙo shi nake dubawa.

Da yamma ni da Yaya muka ja sif ɗin zuwa bangon gabas. Umma ta ce a daren ba ta tashi neman mafici ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadin da ta wuce. Yau Hajiya ta tura ni Gidan Makama, ta ce kada in tsaya kan kayan tarihin da aka ajiye, in ɗaga kai in dubi rufi. Gidan, wanda ake danganta asalinsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, na taɓa zuwansa da 'yan makaranta, amma ban taɓa lura da yadda aka ɗaure samansa ba. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cinta, sai dai ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa a tazara mai tsawo, shi ya sa maginan Hausa suka riƙa jera ta gaɓa-gaɓa suna lulluɓewa da ƙasa har ta tashi ta zama bakan gizo, bakuna su haɗu a sama su riƙe tulluwa. Abin da nake ɗauka ado ne ashe shi ne ƙashin ginin, adon kuma a kansa aka bi da zane da launi. A waje rana tana dukan mutum, a cikin soro kuwa sanyi ne saboda kaurin bangon tubali da tsayin rufi.

Ranar Litinin Hajiya ta nuna mini hotunan tsohon Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ta ce duk wanda zai tsara cikin gini a ƙasar nan ya kamata ya fara da shi kafin ya buɗe mujallun waje. Na yarda da ita, musamman idan na tuna falukan da nake gani an sauko da silin ɗin POP ƙasa-ƙasa, an rufe tagogi da labule ninki uku, wuta tana ɗaukewa kowa ya fito tsakar gida.

Asabar, 19 ga Afrilu

Mako mafi wahala tun da na fara. An ba ni jeren wata amarya, iyayenta suka ce suna son sif wanda zai cika lungun bango daga gefe zuwa gefe. Ganin na fara iya awo, sai na ce zan zana shi da kaina in ba Kawu ya haɗa. Na auna lungun daga ƙasa, tef ya nuna mita 2.40, na cire santimita guda na ba da 2.39. Tsayi kuma na auna shi daga siminti, alhali ba a riga an sa tayil ba. Kawu ya yanka katako, ya haɗa, aka yi masa fenti, aka ɗauko shi a a-kori-kura ranar Laraba, saura kwana biyu a kawo amarya.

Sif ya shiga daga ƙasa, ya ƙi shiga daga sama. Da muka sake aunawa sai muka tarar faɗin lungun a kusa da silin 2.36 ne, domin bangon bai miƙe ba, filasta ta yi kauri a sama. Ga kuma tayil da simintin da ke ƙarƙashinsa sun ɗaga daɓen da kusan santimita 4, har kan sif yana gogar silin. Gwaggon amarya tana tsaye a bakin ƙofa tana kallo, ba ta ce komai ba, kuma shirun nata ya fi mini faɗa ciwo. Kawu ya kwance shi gaba ɗaya, ya rage gefe guda, ya sake yanka ƙofofi biyu daga sabon fale mai ƙafa 4 da 8, suka kwana suna aiki shi da yaransa. Bai karɓi kuɗin hannu ba, amma na biya katako da fenti da mota, naira 41,000, wanda ya cinye ribar aikin har ya taɓa uwar kuɗi.

Da na ba Hajiya labari ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗauki takarda ta zana lungu, ta sa alama a wuri uku, ƙasa da tsakiya da sama, ta ce a auna ukun a ɗauki mafi ƙanƙanta, a auna kusurwa zuwa kusurwa don a san ko ɗakin ya daidaita, kuma kada a ba kafinta awon ƙarshe sai an gama filasta da tayil. Ta ƙara da cewa irin wannan ne ake maimaita wa ɗalibi a makaranta har ya zama masa jiki, kafin kuɗin wani ya shiga hannunsa.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na zauna jarrabawa. Tambaya 180 cikin awa biyu a kwamfuta, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. Lissafi ya ci mini lokaci, na bar tambayoyin Fiziks kusan takwas ban duba su da kyau ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Sakamako ya fito jiya. Na samu 207 cikin 400. Turanci da Labarin Ƙasa ne suka ɗaga ni, Fiziks ya ja ni baya. Ban yi baƙin ciki ƙwarai ba idan na duba cewa shekara shida rabona da aji, amma Hajiya ta gaya mini gaskiya cewa masu neman zanen gine-gine a jami'a suna da yawa, gurbin kuma kaɗan ne, don haka kada in ɗora dukkan fatana a kan ƙofa guda.

Asabar, 24 ga Mayu

Na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu a kan naira 235,000, Yaya ya cika mini 80,000. Ta farko da aka nuna mini ta fi araha, amma yaron ofis ya gwada buɗe manhajar zane ta SketchUp a kanta ta riƙa tsayawa, saboda haka na ƙara kuɗi na ɗauki mai ƙwaƙwalwa gig 16. Hajiya ta ce sai na cika zane goma da hannu kafin ta bari in taɓa AutoCAD, manhajar zana taswira a kwamfuta. Na yi shida.

A wannan makon kuma na samu cikakkiyar amsar tambayar Baba ta biyu. Hukumar ARCON, wadda dokar 1969 ta kafa, ita ce take yi wa masu zanen gine-gine rajista, kuma wanda ba ta yi wa rajista ba doka ba ta ba shi damar amfani da wannan laƙabi ba. Masu tsara cikin gini kuwa suna da ƙungiyarsu ta IDAN da aka kafa a 2007, wadda ƙungiyar 'yan sana'a ce, ba hukumar gwamnati ba. Ma'anar wannan a wurina ita ce akwai iyakar da zan tsaya: zan iya tsara kayan ɗaki da haske da launi da kabad, amma duk abin da ya kai ga fasa bango mai ɗauke da nauyi ko sauya tsarin gini, sai an sa mai rajista da injiniya. Wata 'yar uwarmu ta turo mini bayanin jarrabawar NCIDQ ta ƙwarewar masu tsara cikin gini da ake yi a Amurka da Kanada, wadda mai digiri a fannin sai ya haɗa da awa 3,520 na aiki a ƙarƙashin ƙwararre kafin ya kammala ta. Ba ita ce a gabana ba, amma adadin awannin ya sa na fara rubuta awannin da nake yi a ofis a bayan wannan kundi, Hajiya tana sa hannu a ƙarshen kowane wata.

Asabar, 14 ga Yuni

Bayan babbar sallah na bi Hajiya kasuwar Ƙofar Ruwa da Sabon Gari don koyon lissafin kaya. Ta ce in lissafa tayil ɗin da ɗakin Umma zai ci. Faɗi sau tsawo ya ba ni murabba'in mita 15.12. Kwalin tayil mai santimita 60 da 60 yana ɗauke da guda huɗu, wato murabba'in mita 1.44, sai na ce kwali goma da rabi. Ta ce in ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, ya zama kwali 12, kuma a saye su rana ɗaya daga kaya ɗaya, domin launi yakan ɗan bambanta idan aka dawo ciko bayan wata guda. A shagon fitilu ta sa aka kunna mini ƙwai biyu a kan yadi ɗaya da na taho da shi daga Kantin Kwari, ɗaya mai lamba 3000K, ɗaya 6500K. A ƙarƙashin na farko yadin ya fito ruwan zuma, a ƙarƙashin na biyu ya koma kamar toka. Nan na gane dalilin da wata amarya ta taɓa rantsuwa cewa ba labulen da ta zaɓa na rataya mata ba.

Laraba, 25 ga Yuni

Zane na goma ya cika. Na fara AutoCAD, layi da kusurwa kawai.

Alhamis, 10 ga Yuli

Shekaranjiya aka yi taron da ake tsayar da mafi ƙarancin makin shiga manyan makarantu, aka sa 150 ga jami'o'i, 100 ga foli. Wannan ƙasan ma'auni ne kawai, kowace makaranta da kowane sashe suna da ikon ɗaga nasu, kuma ba a kan 150 ake ɗaukar mai zanen gine-gine ba idan masu maki da yawa sun cika layi.

Daren jiya muka zauna da Baba da Umma da Yaya. Na shimfiɗa musu yadda na auna abin. Idan na tsaya a kan jami'a da 207, zai yiwu in samu, zai yiwu a tura ni wani fannin da ban nema ba, zai kuma yiwu shekara ta wuce ni. Idan na koma foli, makina yana da ƙarfi a can, karatun ya fi karkata ga zane da kayan gini da awo, waɗanda su ne gibin da ke gare ni, akwai kuma watannin koyon aiki na shirin SIWES da zan iya nema in yi a ofishin Hajiya. Bayan shekara biyu, idan sakamako ya yi kyau, ƙofar shiga jami'a kai tsaye zuwa aji biyu tana nan. Yaya ya fi son in jira jami'a saboda yadda ake fifita digiri a wurin ɗaukar aiki, kuma maganarsa tana da tushe. Na ce masa ni ba aikin ofis nake nema ba tukuna, abin da nake so shi ne ranar da aka sake shimfiɗa mini taswira in karanta ta, takardar da zan riƙe kuma ta zama wadda NBTE ta sani kuma za a iya ɗora wani karatun a kanta. Baba ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri, ki je ki canza."

Asabar, 26 ga Yuli

Ranar Talata na je cibiyar da na yi rajista na canza zaɓi na farko zuwa foli, fannin fasahar zanen gine-gine, bayan na tabbatar da sunan fannin yana cikin waɗanda aka tantance wa makarantar, kuma na sa an ɗora sakamakon sakandarena na zama biyun. Na buga takardar shaidar canjin kwafi uku, ɗaya tana wurin Baba.

Lissafin abin da ya fita daga Janairu zuwa yau, in an haɗa asarar cibiya da ta sif da kwamfuta da kayan zane da rajista, ya haura naira 320,000, ban da kuɗin mota na zuwa ofis. Awannin da Hajiya ta sa wa hannu sun kai 152. Kundin ayyukana yana da zane goma na hannu, biyu na kwamfuta, da hotunan ɗakin Umma kafin a ja sif da bayan an ja shi.

Kafin a kira tantancewa ina so in tara kuɗin rajistar shekarar farko daga jere biyu da aka ba ni a Agusta, in sayi allon zane da rular T, in kuma gama taswirar kicin ɗin da Hajiya ta ba ni gwaji, mai kanta tsayin santimita 90 da zurfin 60. Ɗaya daga cikin gidajen amaren ba a sa masa tayil ba tukuna, na gaya wa Kawu kada ya yanka komai sai na koma ranar Laraba na sake awo a wuri uku.